Lambar Da Ba Ta Gadin Asusun Kowa

Ranar 21 ga Oktoba, 2024, wata ƙungiyar 'yan sa kai mai suna GIMPS ta ba da sanarwar cewa an gano wata lamba wadda babu abin da ke raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta, kuma ta ɗara duk irinta da aka taɓa sani girma. Alƙalumanta 41,024,320. Da mutum zai zauna ya rubuta ta da hannu, ɗaya a kowace daƙiƙa, ba ci ba barci, sai ya kwashe kwana 475 kafin ya kai ƙarshe. Wanda ya gano ta, Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia ne mazaunin San Jose a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma ya kashe kusan dala miliyan biyu daga aljihunsa a wannan farauta.

Da maganar ta taso a majalisarmu, wani likita daga cikinmu ya ce ƙoshi ne kawai ke damun mutanen nan, ya tambaya rijiyar burtsatse nawa za a haƙa da dala miliyan biyu. Nan take wani abokinmu ma'aikacin banki ya tare shi, ya ce ai da irin waɗannan manyan lambobi ake tsare asusun kowa, in babu su da ɓarayin intanet sun kwashe albashin likita tun kafin ya ji ƙarar shigowarsa. Kowa ya gyaɗa kai, likita ya yi shiru, aka koma zancen siyasa. Ni kuwa wanda ya yi nasarar ne ya dame ni. Likita tambaya ya yi, kuma tambaya ce ta gaskiya. Abokinmu amsa ya bayar wadda ba gaskiya ba ce, kuma ba shi ya ƙirƙire ta ba. A jarida ya karanta. Mu 'yan jarida ne muke liƙa wannan jimla a gindin labarin duk lokacin da aka gano sabuwar lamba, domin mu sama wa kanmu hujjar buga shi. Lambar Durant ba ta tsare asusun kowa, ba za ta taɓa tsarewa ba, kuma wanda ya kāre ta da wannan ƙarya ya fi wanda ya yi mata dariya cutar da ita.

Bari mu fara da abin da ake magana a kai. Ɗauki 12: ana iya raba ta gida biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida, ba saura. Ɗauki 13: duk yadda aka juya ta sai an sami saura, in ba a bar ta ɗungurungum ba ko a warware ta ɗaya-ɗaya. Larabawa na ce wa irin wannan adad awwali, Turawa kuma suna kiranta da kalmar nan da ke gaban Firayim Minista. A nan zan kira ta gagara-raba. Su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, haka dai. Muhimmancinsu shi ne kowace lamba da ta wuce ɗaya, ko dai gagara-raba ce, ko kuma an gina ta ne ta hanyar ninka wasu gagara-raba, kuma hanya ɗaya tak ake iya gina ta. 60 ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5, babu wata hanya.

Kuskuren farko da kanun labarai suka yi shi ne cewa an gano gagara-raba mafi girma. Babu wannan abu. Uƙlidis ya rufe ƙofar a Iskandariya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, da hujjar da ɗan aji ɗaya na sakandare zai iya bi. Kawo duk jerin gagara-raba da kake so, ka ninka su gaba ɗaya, ka ƙara ɗaya. Abin da ya fito, babu ko ɗaya daga cikin jerinka da zai raba shi, domin kullum ɗayan nan da ka ƙara zai tsaya saura. Ke nan ko shi kansa gagara-raba ne, ko akwai wata a wajen jerinka da ke raba shi. Ninka 2, 3, 5, 7, 11 da 13, za ka sami 30,030. Ƙara ɗaya, 30,031. Wannan 59 ce sau 509, kuma duka biyun ba sa cikin jerin da aka fara da shi. Jeri ba ya cika. Saboda haka abin da Durant ya samu shi ne mafi girma da aka sani, kuma tsakanin "mafi girma" da "mafi girma da aka sani" akwai tazarar da ba ta da iyaka. Tsakaninta da wadda ta riƙe kambun kafin ita, mai alƙaluma 24,862,048 da aka gano a Disamba 2018, akwai gagara-raba da yawansu ya wuce ƙidaya, waɗanda ba wanda ya taɓa gani. Tsallake su aka yi, domin an san inda ya fi sauƙin dubawa.

Wurin da ya fi sauƙin dubawar shi ne dangin da ake jingina wa Marin Mersenne, wani limamin Kirista Bafaranshe na ƙarni na 17. Masana sun kasa gagara-raba dangi-dangi bisa siffarsu. Akwai tagwaye, waɗanda biyu ce kawai tsakaninsu, kamar 11 da 13, ko 17 da 19. Akwai na Sophie Germain, waɗanda in an ninka su biyu an ƙara ɗaya sai a sake samun gagara-raba, kamar 11 da ke haifar da 23. Akwai na Fermat, waɗanda biyar kacal aka sani: 3, 5, 17, 257 da 65,537. Fermat ya zaci duk dangin haka suke, sai Euler ya nuna a 1732 cewa ta shida, 4,294,967,297, ita ce 641 sau 6,700,417. Na Mersenne kuwa ana samun su ne ta hanyar jera 2 sau da yawa, a ninka, a ɗebe ɗaya. Biyu sau biyu sau biyu takwas, ɗebe ɗaya, bakwai. A taƙaice ana rubuta wannan 2^3 − 1. Haka 2^5 − 1 ke ba da 31, 2^7 − 1 ke ba da 127. Lambar Durant ita ce 2^136,279,841 − 1: a jera 2 har sau miliyan ɗari da talatin da shida da ɗoriya, a ninka, a ɗebe ɗaya. A ƙidayar kwamfuta, wadda ba ta san komai ba sai sifiri da ɗaya, siffarta ta fi kowace sauƙi: ɗaya ce a jere sau 136,279,841, ko sifiri guda babu.

Wannan dangi yana da ɗabi'u biyu da ya kamata a riƙe. Ta farko, dole yawan biyun da aka jera ya zama shi ma gagara-raba ne. In aka jera huɗu za a sami 15, wato 3 sau 5. In aka jera shida za a sami 63, wato 7 sau 9. Ta biyu, cika wannan sharaɗi ba ya wadatarwa. 11 gagara-raba ce, amma 2^11 − 1 tana ba da 2,047, wadda ita ce 23 sau 89. Galibinsu ma haka suke faɗuwa. Cikin miliyoyin da aka gwada, 52 kawai suka tsaya.

To, mu koma ga asusun likita. Ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin kulle saƙo a intanet ita ce RSA, wadda Rivest da Shamir da Adleman suka fitar a 1977. Asalinta wani rashin daidaito ne a lissafi: ninka gagara-raba biyu abu ne mai sauƙi, amma in an ba ka sakamakon an ce ka nemo waɗanda suka haife shi, aiki ne ja. Kowa zai ninka 23 da 89 a bayan ambulan. In aka miƙa maka 2,047 aka ce warware, sai ka yi ta gwaji. In alƙaluman suka kai ɗaruruwa, gwajin ya fi ƙarfin duk kwamfutocin da ake da su a yau. Saboda haka kwamfuta takan zaɓi gagara-raba biyu a ɓoye, ta ninka su, ta bayyana sakamakon a matsayin kwaɗo, ta riƙe biyun a matsayin mabuɗi. Kwaɗon da aka fi amfani da shi yana da alƙaluma 617, kowace daga cikin lambobin biyu tana da kimanin 309. Irin waɗannan kwamfutar ofis takan samo su cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma yawansu ya ninka yawan ƙwayoyin zarra da ke cikin sararin da ake iya hangowa ninkin ba ninki. Dukkan tsaron ya rataya ne a kan abu guda, wato kada kowa ya san waɗanda aka zaɓa.

Yanzu a dubi lambar Durant. An sanar da ita ga duniya baki ɗaya. Tana cikin jeri mai mutum 52 da kowane ɗalibi zai iya samu. Wanda ya yi mabuɗi da ita kamar wanda ya sayi kwaɗo ne ya rataye mabuɗin a jikin ƙofa, ya kuma kira maroƙi ya yi shela. Ɓarawo ba ya buƙatar wayo, mabuɗi 52 kawai zai gwada. Ban da wannan ma, girmanta kaɗai ya hana ta aiki. Rubuta ta kawai ya fi nauyin hotuna da yawa a waya, balle a ce duk lokacin da za ka tura naira dubu sai an yi lissafi da ita. Babu banki a duniya da ke amfani da ita, kuma masu farautar ba su ne ke yaɗa wannan magana ba. Mu ne.

Adalci ya sa in faɗi abin da ke cikin maganar abokinmu na ƙamshin gaskiya, domin akwai shi, sai dai ba inda ya nuna yake ba. Akwai gagara-raba sanannu, ba ɓoyayyu ba, da ke aiki a cikin wayarka yanzu haka. 65,537, autar dangin Fermat, tana cikin kusan kowane kwaɗon RSA. Saƙonnin WhatsApp ana kulle su ne da tsarin da aka gina a kan 2^255 − 19, mai alƙaluma 77, wadda Daniel Bernstein ya zaɓa. A dangin Mersenne ma akwai 2^521 − 1, mai alƙaluma 157, wadda Raphael Robinson ya gano a 1952 da wata tsohuwar kwamfuta mai suna SWAC a Los Angeles. A lokacin ita ma labari ce ta ban mamaki kawai. Sai bayan kusan shekara hamsin ta shiga cikin ƙa'idojin kulle bayanai na gwamnatin Amurka. Haka 2^19,937 − 1, da aka gano a 1971, ita ce ginshiƙin wata hanyar samar da lambobin ƙuri'a a kwamfuta da wasu Japanawa biyu, Matsumoto da Nishimura, suka fitar a 1997, wadda masu bincike ke amfani da ita har gobe. Amma a lura da abin da waɗannan misalai ke nunawa. Ƙanana ne, kuma in ban da ta Bernstein, babu ɗayansu da aka nema domin amfanin da ya zo ya yi. Robinson bai san za a yi intanet ba. A 1940 masanin lissafin nan na Ingila, G. H. Hardy, alfahari yake yi da cewa fannin nan nasa ba shi da wani amfani ga yaƙi ko kasuwa. Shekara talatin da bakwai bayan haka RSA ta ƙaryata shi. Wanda ya ce ya san amfanin da lambar Durant za ta yi nan gaba, shi ma zato yake yi, kamar Hardy, sai dai ta ɗaya ɓangaren.

Akwai kuma ribar gefen hanya. A 1994 Thomas Nicely, malamin lissafi a wata ƙaramar kwaleji a Virginia, yana lissafi a kan tagwayen gagara-raba, sai ya ga amsoshinsa sun ƙi daidaita. Ya bi diddigi har ya gano cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Pentium ce ke kuskuren rabawa. Sauya su ya ci wa kamfanin Intel dala miliyan 475. A 2016 manhajar GIMPS ta sake tono wani aibu a ƙirar Skylake. Masu harhaɗa kwamfuta sun daɗe suna amfani da wannan manhaja don gwada ƙarfin inji, domin ba abin da ke gasa ƙwaƙwalwar kwamfuta kamar ta. Duk wannan gaskiya ne. Amma ba zan kafa hujjata a kansa ba, don wanda ya ce ana farautar gagara-raba ne domin a kama kuskuren Intel, kamar wanda ya ce ana zuwa aikin Hajji ne domin a sayo dabino.

Abin da ya cancanci a tsaya a kai, wanda kusan babu labarin da ya tsaya, shi ne tambayar da ta fi ta likita nauyi: yaya aka yi aka sani? Lamba mai alƙaluma miliyan arba'in da ɗaya, wa ya tabbatar babu mai raba ta? Hanyar da aka koya mana a firamare ita ce a yi ta gwada rabawa da 2, da 3, da 5, har a gaji. A nan wannan hanya ba ta da ko alamar isa. Lambobin da za a gwada sun kai masu alƙaluma miliyan ashirin, alhali yawan ƙwayoyin zarra na sararin da ake gani bai wuce lamba mai alƙaluma tamanin da 'yan kai ba. Da kowace ƙwayar zarra kwamfuta ce, tana aiki tun farkon halitta, da ba a ko fara ba.

Mafitar ta fito ne daga Édouard Lucas, wani malamin makaranta Bafaranshe, a 1876, sannan Derrick Lehmer na Amurka ya kammala ta a 1930. Sauƙinta ya isa a ba da ita a nan, kuma ina roƙon mai karatu ya ɗauki biro. Za mu gwada 31, wato 2^5 − 1. Fara da 4. Ninka ta da kanta, ka ɗebe biyu: 14. Sake yi: 14 sau 14, ɗebe biyu, 194. Duk lokacin da abin ya wuce 31, raba shi da 31 ka riƙe saura kawai. 194 tana barin 8. Sake yi: 8 sau 8, ɗebe biyu, 62, wadda 31 ke rabawa daidai, saura sifiri. Taki uku aka yi, wato 5 a ɗebe biyu, aka sauka a kan sifiri. Abin da Lucas da Lehmer suka tabbatar shi ne: in an sauka a kan sifiri a takin ƙarshe, lambar gagara-raba ce, babu makawa. In an sauka a kan wani abu dabam, ba ita ba ce, babu makawa. Gwada 2,047 da taki tara za ka bi ta 14, 194, 788, 701, 119, 1,877, 240, 282, ka ƙare a 1,736. Ba sifiri ba. An gama shari'a, ba tare da an ga ko 23 ko 89 ba. Wannan ɓangaren na ƙarshe ne ya fi ba ni mamaki: gwajin yana iya rantsewa cewa lamba na rabuwa alhali bai san mai raba ta ba.

Da irin wannan hanya Lucas ya tabbatar da 2^127 − 1, mai alƙaluma 39, da hannu, kuma ta riƙe kambu har shekara 75, zuwa 1951. Ita ce mafi girma da ɗan Adam ya taɓa tabbatarwa ba tare da inji ba. Lambar Durant ta bi ta wannan ƙofa ɗaya da 31 ta bi yanzu a takardarka, sai dai taki 136,279,839 ta yi, kuma a kowane taki ana ninka lamba mai alƙaluma miliyan arba'in da kanta. Dalilin da ya sa dangin Mersenne ke riƙe da kambu kusan kullum ke nan. Ba don sun fi sauran daraja ba. Su ne ke da alƙali mai saurin yanke hukunci.

Don a ga darajar samun alƙali, a dubi zamanin da babu shi. A 1644 Mersenne ya fitar da jerinsa, ya ce daga 2 zuwa 257, goma sha ɗaya ne kaɗai ke ba da gagara-raba: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba. Mutum ne mai suna, abokin wasiƙar Descartes da Fermat da Pascal, sai maganarsa ta zauna sama da shekara ɗari biyu. Daga baya aka gano kuskure biyar: 67 da 257 ba sa ciki, ya kuma tsallake 61 da 89 da 107. Lucas ya nuna tun 1876 cewa 2^67 − 1 tana rabuwa, amma masu raba ta ba su bayyana ba sai 1903, lokacin da Frank Nelson Cole ya tsaya gaban taron masana lissafi a New York. Kamar yadda ake ba da labari, bai ce uffan ba. Ya lissafa lambar a gefe ɗaya na allo, 147,573,952,589,676,412,927, ya koma ɗaya gefen ya ninka 193,707,721 da 761,838,257,287, amsa ta zo ɗaya, ya koma ya zauna. An ce ranakun Lahadi na shekara uku ya ba aikin. Sunan Mersenne ya zauna a kan dangin, amma jerinsa ya faɗi, kuma girmansa bai cece shi ba.

Masu ganin wannan wasan Turawa ne na bayan cin abinci su ma sai su sake duba tarihi. Uƙlidis ya nuna cewa kowace gagara-raba mai wannan siffa tana haifar da abin da ake kira kammalalliyar lamba, wadda in an tara masu raba ta sai su ba da ita kanta. 6 ita ce 1 da 2 da 3. 28 ita ce 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Sai 496, sai 8,128. Ibn al-Haytham, mutumin Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira wajen shekara ta 1000, ya yi ƙoƙarin tabbatar da cewa duk kammalalliyar da biyu ke rabawa ta wannan hanya take fitowa, aikin da sai Euler ya ƙarasa a ƙarni na 18. A ƙarni na 13 Ibn Fallus ya kawo ta biyar da ta shida da ta bakwai, ɗaruruwan shekaru kafin Turai ta san wasunsu, ko da yake shi ma ya haɗa da wasu da ba daidai ba. Babu banki a gabansu, babu intanet. Ba su nemi gafarar kowa ba don sun so su sani. Lambar Durant ta zo da tata kammalalliyar, mai alƙaluma 82,048,640. Har yau ba wanda ya san ko akwai kammalalliyar da biyu ba ta rabawa, kuma ba wanda ya tabbatar ko dangin Mersenne suna da ƙarshe.

Yanzu ga wurin da ya shafi sana'ata kai tsaye. Kwamfutocin GIMPS ba da gwajin Lucas suke farawa ba a yanzu. Suna farawa da wani gwaji da ya samo asali daga Fermat, wanda kowace gagara-raba ke ci, amma jefi-jefi wadda ba ita ba takan sulale ta wuce. 341, wadda ita ce 11 sau 31, tana wuce shi in an gwada da 2. 561, wato 3 sau 11 sau 17, ta fi ta iya sojan gona. A kan lamba mai girman ta Durant, yiwuwar irin wannan yaudara ƙanƙanuwa ce ƙwarai, har ba ta kai a kwatanta ta da komai na rayuwar yau da kullum ba. Ranar 11 ga Oktoba wani inji da Durant ya yi haya a Dablin ta ƙasar Ailan ya ba da rahoton cewa lambar ta ci wannan gwaji. Kowane ɗan jarida da na sani, har da ni, da a ranar zai buga. Su ba su buga ba. Washegari wani inji a San Antonio ta jihar Teksas ya kammala gwajin Lucas da Lehmer, aka sauka a kan sifiri, kuma wannan rana ta 12 ce suka rubuta a matsayin ranar ganowa, ba ta 11 ba. Duk da haka ba su yi magana ba. Suka ba wasu mutane dabam, da manhajoji dabam, a kan injina dabam, su sake yin gwajin daga farko, domin inji na iya kuskure ko da hujjar ba ta yi. Sai da kowa ya sauka a kan sifiri sannan aka sanar, kwana goma bayan alamar farko.

Mutanen da suka ƙi amincewa da "kusan tabbas" har tsawon kwana goma, su ne muka ɗauki labarinsu muka shafa masa shuni da jimlar da minti biyar na bincike zai rusa. Wannan shi ne abin kunyar. Kuma ba mu kaɗai ba. Majalisar tamu cike take da masu digiri, amma ba wanda ya tambayi abokinmu ta yaya lambar da duk duniya ta sani za ta zama sirri. An ji kalmar banki, an ji kalmar tsaro, sai hankali ya kwanta. Mun saba da cewa ilimi sai ya nuna rasit kafin a bar shi ya shigo, har ta kai in ba shi da rasit muna buga masa na jabu. Illar wannan ba a kan Durant take ba, shi ya riga ya kashe kuɗinsa. Tana kan yarinyar da ke son lissafi don kansa, wadda ke jin manyanta suna cewa abin da ba ya kawo kuɗi ɓata lokaci ne, sannan ta ji masu kāre ta suna ƙarya don su nuna yana kawowa. Duka ɓangarorin abu ɗaya suka koya mata, cewa son sani shi kaɗai bai isa dalili ba.

Ba na kuma son a juya a mai da Durant waliyyi. Bai gano wata sabuwar ƙa'ida ba. Lissafin na Lucas ne da Lehmer. Dabarar ninka manyan lambobi da sauri ta Richard Crandall ce da Barry Fagin, daga 1994. Ƙungiyar George Woltman ne ya kafa ta a 1996, manhajar da ta yi aikin kuma Mihai Preda ya rubuta ta. Abin da Durant ya kawo shi ne kuɗi da sanin injina: ya lura cewa na'urorin da aka ƙera tun asali don zana hotunan wasannin kwamfuta, waɗanda yanzu ake haya ta intanet, sun fi kwamfutar gida gudu a wannan aiki, sai ya haɗa dubbansu a ƙasashe 17, ya yi kimanin shekara guda yana gwaji. Da wannan ya kawo ƙarshen shekara 28 da kwamfutocin gida na talakawan 'yan sa kai suka yi suna riƙe da fagen, kuma ni ina ganin akwai abin baƙin ciki a nan, domin wasan da ɗalibi ko ɗan fansho ke iya ci ya koma hannun mai kuɗi. Ladan da GIMPS ke bayarwa dala 3,000 ne. Wanda ya kashe miliyan biyu ya karɓi dubu uku ba ciniki ya je yi ba.

Likita kuwa, amsar da ta dace da shi gajera ce. E, da kuɗin za a haƙa rijiyoyi da yawa, kuma wanda ya haƙa ya fi lada. Haka ma kuɗin da ake kashewa wajen sayen ɗan wasan ƙwallo ɗaya a Ingila, wanda likitan ke kallo kowane Asabar bai taɓa tambaya ba. In za a tuhumi almubazzaranci, wannan ba ya cikin dubun farko. Amma in tambayarsa ita ce ko lambar za ta amfane shi, amsar ita ce a'a, kuma da abokinmu ya faɗi haka da an ci gaba da hira mai ma'ana, wataƙila har a kai ga biro da takarda.

Ko matsayin lambar a jeri ma ba a yanke ba. GIMPS ta kira ta ta 52 da aka sani, ba ta ce ta 52 ba, domin lokacin sanarwar akwai ɗimbin lambobi tsakaninta da ta 2018 da ba a gama gwadawa ba, wasu kuma sau ɗaya aka gwada su, ana jiran na biyu. Irin haka ta taɓa faruwa: an gano 2^43,112,609 − 1 a Agusta 2008, sai ga wasu biyu ƙanana da ita sun ɓullo daga baya, ɗaya a Satumba na shekarar, ɗaya a 2009, suka tura ta gaba a layi. Gidauniyar EFF ta Amurka kuma ta ajiye dala 150,000 ga wanda ya fara kawo gagara-raba mai alƙaluma miliyan ɗari, wato kusan ninki biyu da rabi na tsawon wannan.